Rijiyoyin Salaga a hannun 'yar Aboabo

Masu sauraro, assalamu alaikum. Daga nan Kumasi, ga sharhinmu na wannan mako.

Kwanan baya 'yar ƙanwata ta zo hutu gidanmu a Aboabo, ta tarar da ni da littafi a hannu. Ta ce, "Kawu, wai akwai littafin labari da za ka buɗe ka ga mai suna irin namu?" Ban ce mata komai ba, na miƙa mata wanda nake karantawa. Kwana uku ana kiranta cin tuwo tana cewa a bari ta kai ƙarshen babi.

Littafin shi ne The Hundred Wells of Salaga, wato rijiyoyi ɗari na Salaga, tsohon garin kasuwa a arewacin Ghana, na Ayesha Harruna Attah, haifaffiyar Accra, wanda ya fito a 2018. Labarin mata biyu ne a ƙarshen ƙarni na 19. Ga Aminah, yarinyar ƙauye mai sayar wa ayarin fatake abinci, wadda mahara suka kama suka mai da ita baiwa. Ga kuma Wurche, 'yar sarautar Gonja daga Kpembe, mai son a dama da ita a shawarar fada, aka aurar da ita don ƙulla ƙawancen yaƙi. A kasuwar Salaga hanyarsu ta haɗu, ɗaya tana saye, ɗaya ana sayar da ita.

Mu 'yan zango, in aka ambaci Salaga, goro muke tunawa. Muna tuna kakanni da suka taso daga Kano da Katsina da jakuna, da malamai irin su Alhaji Umaru da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi, da yaƙin 1892 da ya watsa fatake zuwa wasu garuruwa. Duk gaskiya ne. Amma a kasuwar nan har mutane aka sayar, kuma ba Bature ne kaɗai ya yi cinikin ba. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa a zaure ba. Marubuciyar ta ce a danginsu akwai wata kaka ta can baya da ba a riƙe sunanta ba, "baiwa" kawai ake ce mata. Sai jikanya ta ɗauki alƙalami ta raɗa mata suna. Ni abin da ya kama ni ke nan, ya fi salon rubutun ma, don akwai wuraren da na ga ta yi gaggawa.

Wanda ya gama wannan, ya nemi The Deep Blue Between na 2020, inda ta bi sawun ƙannen Aminah, tagwaye Hassana da Husseina, waɗanda bauta ta raba, har ɗaya ta tsinci kanta a Brazil. Mai son labarin zamani kuwa, akwai His Only Wife na Peace Adzo Medie, shi ma na 2020: wata tela daga Ho aka ɗaura wa aure da attajirin da ko wurin bikin bai zo ba, ta tare a Accra ta tarar akwai wata a gabanta. Duk matar da ta san zaman jiran miji ba sai an yi mata bayani ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duka da Turanci suke. Hajiya mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, a unguwar Asawase, wadda ta fi kowa sanin labarin kishi da bashi da tarbiyyar marayu, ba za ta karanta ba sai jikarta ta fassara mata. A Kano kuwa tun shekarun 1980 mata ke rubuta nasu da Hausa. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, sai a 2012 aka mai da shi Turanci, a Indiya ma aka buga. A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata don mata zalla, ana karanta labaran a rediyo, kuma muna ji a nan.

Na sha jin 'yan matanmu na cewa Hausarsu ba ta rubutu ba ce, wai 'yan Najeriya za su yi dariya don muna ce wa mace "ya zo". To, a yi dariyar mana! Da wannan Hausar ake ciniki a Kejetia, da ita ake sasanta ma'aurata a gaban magajiya, da ita ake kukan mutuwa a Sabon Zango. Ta ɗauki wannan duka, labari ne zai gagare ta?

'Yar ƙanwar tawa ta koma makaranta shekaranjiya. Da na duba kan teburi, babu littafin, sai 'yar takarda: "Kawu, sai hutu mai zuwa."

Mu kwana nan, sai mako na gaba in Allah ya kai mu.