Kura da Shan Bugu: Sharhi a kan Robert Fripp da Haƙƙin Makaɗi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ƙaramin abu ne ya tunzura ni na rubuta sharhin yau. A farkon makon nan wani matashin abokin aikina ya miƙo mini wayarsa yana ƙyalƙyala dariya, ya nuna mini bidiyon wani dattijo Bature sanye da farar riga da falmaran, yana kaɗa jita a ɗakin girki, matarsa tana waƙa tana rawa a bayansa. Ya ce ai wannan shi ne Robert Fripp, mutumin da aka ce ba a zama lafiya da shi, mai sallamar abokan kiɗa, mai hana ɗaukar hoto, mai rigima da kowa saboda son kuɗi, ga shi yau tsufa ya mai da shi ɗan kama. Bidiyon gaskiya ne, domin tun lokacin kullen korona a 2020 shi da matarsa, mawaƙiya Toyah Willcox, suke sakin irinsa duk ranar Lahadi. Dariyar ba ta dame ni ba. Kalmar son kuɗi ce ta tsaya mini a rai, domin na gaji da jin ana liƙa ta ga duk makaɗin da ya buɗe baki ya tambayi inda ladan aikinsa ya tafi.

Ga wanda bai san shi ba, an haifi Fripp ranar 16 ga Mayu 1946 a garin Wimborne Minster da ke yankin Dorset a kudancin Ingila. Yana da shekara 11 aka saya masa jita, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa a lokacin kunnensa ba ya rarrabe sauti, jikinsa kuma ba ya bin kiɗa. Bahago ne, amma ya tilasta wa kansa kaɗawa irin ta masu dama. Duk abin da ya zama, da naci da zaman awowi ya same shi, kuma wanda ya sayi gwanintarsa da irin wannan tsada ba ya yarda a ɗauke ta a banza. A farkon 1969 ya kafa ƙungiyar King Crimson tare da abokansa a Landan. Ranar 5 ga Yuli na shekarar suka yi wasa a dandalin Hyde Park gaban dubban ɗaruruwan mutane kafin shahararriyar ƙungiyar kiɗa ta Rolling Stones ta hau dandamali, a watan Oktoba kuma suka fitar da faifansu na farko, In the Court of the Crimson King, wanda masana da yawa ke ɗauka a matsayin tushen salon rok mai doguwar tafiya, inda waƙa ɗaya kan kai minti goma ko fiye, ana gauraya ta da jaz da kiɗan gargajiyar Turai.

To, ina kuɗin wannan aiki ya nufa? Nan ne maganar take. Kamar sauran samarin zamaninsa, Fripp ya damƙa al'amuransa ga kamfanin da ke kula da su, wato EG. A farkon shekarun 1990 aka sayar da tarin faya-fayan da haƙƙin waƙoƙin ga manyan kamfanoni, shi kuma ya zargi masu kamfanin da riƙe kason da ya kamata ya shigo hannunsa da na abokan kiɗansa. Ya shafe fiye da shekara shida yana fama da lauyoyi da takardu kafin a sasanta a 1997, ikon sarrafa ayyukan King Crimson ya dawo wurin masu shi. Hausawa sun daɗe da yi wa wannan tsari suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Laifin Fripp kawai shi ne ya zama kurar da ta waiwayo ta ce a buɗe mata littafin lissafi.

Mai son kuɗi da ya ci irin wannan nasara, sai ya koma gefe ya ci abinsa shi kaɗai. Fripp kuwa a 1992, rigimar ma ba ta ƙare ba, ya haɗa kai da David Singleton, mai haɗa sauti, suka kafa kamfanin Discipline Global Mobile a kan ƙa'idar da manyan kamfanoni ba sa son ji, cewa haƙƙin mallakar kiɗa yana nan a hannun wanda ya yi kiɗan, kamfani aikinsa bugawa da rarrabawa. Har a jikin kwalin faya-fayansu suka riƙa buga wannan manufa domin mai saye ya karanta. Ina roƙon abokin aikina ya nuna mini wane irin maƙetaci ne ke raba wa wasu makaɗa haƙƙin da shi kansa ya sha wuya kafin ya ƙwato.

Ba a nan ta tsaya ba. A 2012 ya shaida wa jaridar Financial Times cewa ya ajiye sana'ar kiɗa, domin rikicinsa da babban kamfanin faya-fayai na Universal a kan fitar da ayyukansa da biyan kasonsa ya cinye masa lokaci da jin daɗin aikin. Ku duba wannan asara, jama'a: makaɗi irin wannan ya jingine jita ya koma bin takardun lissafi, saboda gardi ya ƙi sakin kuɗi. Haka kuma, mawaƙin Amurka Kanye West ya yanki wani ɓangare na waƙar King Crimson ta 1969 ya gina waƙarsa Power a kai a 2010, kuma a 2022 sai da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin tsohuwar waƙar ya kai Universal kotu a Landan a kan yadda ake lissafin kason sauraro ta intanet. Shekara 50 da ɗoriya bayan an yi aikin, aka ci gaba da jayayya a kan ladansa.

Amma misalin da ya fi ƙona mini rai shi ne na shahararren mawaƙin Ingila, David Bowie. A 1977 aka kira Fripp daga New York zuwa situdiyon Hansa da ke Berlin, inda Bowie da makaɗi Brian Eno da mai haɗa sauti Tony Visconti ke haɗa faifan Heroes. Visconti ya ba da labarin yadda aka yi waƙar Heroes, wadda faifan ya ci sunanta. Fripp ya auna tazarar da ke tsakaninsa da lasifika, ya yi alamomi a ƙasa, domin kowane sauti yana da wurin da idan ya tsaya jitar za ta riƙe shi ta yi ta kuka ba yankewa. Yana kaɗawa yana matsawa daga alama zuwa alama. An ɗauka sau uku, Visconti ya haɗe ukun wuri guda, aka sami wannan dogon amo da ke shawagi a kan waƙar daga farko har ƙarshe. Wanda duk ya san waƙar, da wannan amon ya santa. Sai ga shi a 2019 Fripp ya fito fili yana kukan cewa masu kula da gadon Bowie da hukumar PPL, mai tattara wa makaɗa kuɗi a Birtaniya, sun ƙi lissafa shi cikin fitattun masu hannu a aikin, a wannan faifai da kuma Scary Monsters na 1980. Bambancin ba na suna kaɗai ba ne, domin kason fitacce ya fi na ɗan haya. Wai mutumin da ya ƙirƙiro sautin, ya auna ƙasa da ƙafarsa, shi ne za a jera da wanda aka miƙa wa takarda aka ce kaɗa abin da ke rubuce! Idan wannan bai zama kura da shan bugu ba, ban san me ake kira da sunan ba.

Masu suka za su ce ai mutumin yana da wuyar sha'ani. Na yarda. Ya rushe King Crimson a 1974 jim kaɗan kafin fitowar faifan Red, ya sake rushe ta a 1984, makaɗa da dama sun shiga sun fita, wasunsu da ɗacin rai, kuma mawaƙin ƙungiyar, Adrian Belew, wanda ya yi kusan shekara 30 tare da shi, bai sami gurbi a tafiyar da Fripp ya sabunta a 2013, bayan ya dawo kiɗa, ba. Ban san ko zan iya yin wata guda a ƙarƙashinsa ba. To, sai me? Yaushe wuyar hali ta zama hujjar cinye wa mutum haƙƙi? Bashi ba ya faɗuwa don mai binsa ba ya fara'a.

Batun hana hoto kuwa, an fi ƙarfin gaskiya wajen ba da labarinsa. A rangadinsu na ƙarshe-ƙarshe, daga 2014 zuwa wasan rufewa a Tokyo a watan Disamba 2021, akan roƙi jama'a su ajiye waya su saurara, ga masu ganga uku jere a gaba, shi kuma yana can baya zaune a kan kujerarsa kamar yadda ya saba. Idan an gama, Tony Levin mai jitar bes ya ɗaga kyamararsa, to an buɗe ƙofa, kowa ya ɗauki hoton da yake so, Fripp ma yakan ɗaga tasa ya ɗauki 'yan kallo. Mutum ya ce a ba aikinsa kunne na awa biyu ko uku, shi ne aka mayar zalunci.

Na mayar wa abokin aikina wayarsa, na ce ya nemo waƙar Bowie ɗin nan ya sa a kunne, ya bi kukan jitar tun daga farko, sa'an nan ya dawo ya faɗa mini nawa yake ganin ya dace a biya mai ita. Har yanzu ina jiran amsarsa.