Aiki Ko Ɗakin Haya: Wanne Baƙo Zai Fara Nema a Jamus?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da hayaniyar da kuke ji, a tashar jirgin ƙasa nake, yanzu na tashi daga aiki. Kafin jirgina ya iso bari in amsa tambayar da ta fi yawa a saƙonninku. Masu walda irina, kafintoci, masu wayarin, masu aikin famfo, kowa abu ɗaya yake tambaya: idan mutum ya sauka, aiki zai fara nema ko wurin kwana?

Abin da na gani da idona a nan Jamus shi ne igiya ɗaya ce ta ɗaure su biyun. Mai gida ba ya ba ka haya sai ya ga takardar albashinka, galibi ta wata uku. Shi kuma albashin ba ya tafiya daidai sai kana da adireshi. Doka ta ce cikin kwana 14 da tarewa ka je ofishin gari ka yi rajistar inda kake zaune, ita suke kira Anmeldung, kuma ba za a rubuta ka ba sai da takardar da mai gidan ya sa wa hannu cewa lallai a gidansa kake. Bayan rajistar ne lambar harajinka za ta zo ta gidan waya. In ba ka kai wa kamfani lambar nan ba, ana iya yankar maka haraji a mataki mafi tsada. Kun ga ke nan, wanda bai shirya ba sai ya yi ta kewaya wuri ɗaya, guzurinsa na ƙarewa.

Bari in fara da sana'a, don ita ce za ka iya gyarawa tun kafin ka hau jirgi.

Shekara tara na yi ina walda kafin in zo, kuma ina da takardar makarantar koyon sana'a. Na ɗauka wannan ya isa. Ashe a nan sai an ɗora takardarka a ma'auni an gwada ta da tasu. Tun shekarar 2012 suke da dokar da ta ba baƙo damar neman a tantance masa sana'arsa. Masu aikin hannu, majalisar masu sana'a ce ke duba nasu, Handwerkskammer. Da amsata ta fito, sai suka ce wani sashe ne kawai na horona ya yi daidai da nasu, sai na ciko sauran. Wallahi ranar na ji zafi a raina. Amma da na shiga horon cikon, na tarar akwai abubuwan da da gaske ban taɓa yi ba, musamman karanta zanen aiki yadda suke zana shi. Sannan na yi gwajin walda na ISO 9606, inda za ka haɗa ƙarfe a gabansu, su ɗauka su lanƙwasa shi ko su karya shi ko su haska cikinsa su ga ko akwai rami. Nan kam ba ruwan kowa da ƙasar da ka fito, hannunka ne zai yi maka magana.

Don haka ɗan uwa, tun kana gida ka tara takardunka. Shaidar kammalawa kaɗai ba ta isa ba, suna son ganin jerin darussan da ka yi da adadin awanninsu. Ka je wurin kowane maigida da ka yi wa aiki, ya rubuta maka daga yaushe zuwa yaushe, da irin aikin da ka yi, ya sa hannu ya buga hatimi. Neman waɗannan daga nesa azaba ce, na ga wanda ya yi wata biyar yana jiran takarda ɗaya. Fassara kuma a ba mai fassarar da hukuma ta yarda da shi. Wanda kuma a wurin maigida kawai ya koya, babu takardar makaranta, kada ya yanke ƙauna. Akwai Ausbildung, koyon sana'a na shekara biyu zuwa uku da rabi, kana aiki a kamfani kana zuwa makaranta, ana biyanka duk wata. Kuɗin ba su da yawa, amma ƙofa ce ta halal. Akwai kuma Chancenkarte da aka fara a watan Yunin 2024, wadda ke ba wanda ya cika sharuɗɗa damar zuwa neman aiki har shekara guda, yana ɗan aikin awa 20 a mako.

Harshe kuwa, ko ban faɗa ba. A wurin aikin gini, idan aka yi maka ihu ka kauce ba ka ji ba, rayuwarka ce.

Akwai abin da nake roƙonku don Allah ku guje masa. Za ka haɗu da mai ce maka zo in ba ka aiki, kuɗi a hannu, ba kwantaragi ba haraji. Yana da daɗin ji lokacin da aljihu ya bushe. Amma ranar da ƙarfe ya faɗo maka a ƙafa, mutumin nan zai ce bai san ka ba. Jami'an kwastan, Zoll, suna shiga wuraren gini ba sanarwa, kuma in an kama ka, izinin zamanka ne a kan layi. Sannan ko ba a kama ka ba, ba ka da takardar albashi, ka ga gidan haya ma ya kuɓuce maka.

To gida. Nan ne na fi shan wuya.

Ɗakina na farko wanda ya ɗauke ni aiki ne ya ba ni. Na yi murna, na ce matsala biyu sun tafi lokaci guda. Sai daga baya na gane abin da na shiga. Ana cire kuɗin ɗakin daga albashi, kuma ina cikin watannin gwaji, waɗanda kan kai wata shida, inda sanarwar mako biyu ta isa a sallame ka. Duk ranar da aka ƙara mana awanni sai in yi shiru, don na san idan aikin ya tafi, gadon ma ya tafi. Ban ce kada ka karɓi irin wannan ɗakin ba, sau da yawa shi ne tsanin farko. Amma ka nemi a rubuta maka yarjejeniyar haya dabam da ta aiki, ka tabbatar za ka iya rajistar adireshi a wurin, kuma daga makon farko ka fara neman naka.

Wata bakwai na yi ina nema. Na tura saƙo ba adadi, yawanci ko amsa babu. Wani lokaci kana jin yadda murya ke canzawa idan ka faɗi sunanka. Akwai dokar da ta hana wariya tun 2006, amma tabbatar da an yi maka ita ba sauƙi. Abin da ya buɗe mini ƙofa biyu ne. Na daina dagewa a kan tsakiyar birni, na koma duba ƙananan garuruwan da jirgi ke bi, shi ya sa kuka gan ni a tasha. Munich da Frankfurt da Berlin kowa can yake so, alhali ƙananan garuruwa cike suke da kamfanonin da ke neman masu sana'a. Na biyu, na haɗa fayil guda: kwantaragin aiki, albashin wata uku, rahoton Schufa mai nuna ba a bin ka bashi, da wasiƙa daga sabon maigidana na wurin aiki. Ina zuwa duba gida da shi a hannu. Dattijuwar da ta ba ni ɗakin nan ta ce wasiƙar ce ta kwantar mata da hankali.

Idan za ka duba farashi, ka lura akwai Kaltmiete, kuɗin ɗaki zalla, akwai Warmmiete da ta haɗa da ɗumama gida da ruwa da kwasar shara. Wutar lantarki da intanet galibi suna gefe. Da yawa daga gidajen ma babu komai a kicin, ko murhu, kai za ka sa. Kuɗin ajiya kuwa doka ta ce kada ya wuce Kaltmiete ta wata uku, kuma kana da ikon biya kashi uku. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton kowane lungu, a rubuta duk wani tabo a takardar miƙa gida, don ranar fita kada a ce kai ka yi.

Sai 'yan damfara, waɗanda baƙo ne abincinsu. Gida mai kyau, araha ta ban mamaki, mai gidan wai yana wata ƙasa, ka tura kuɗin ajiya zai aiko da makulli. Ɗan uwa, ko sisi kada ka tura wa gidan da ba ka taka ƙafarka ciki ba. Gani ya kori ji. Kuma kada ka tura hoton fasfonka ga wanda ba ka gani ba. In kana farawa, ɗaki ɗaya a gidan haɗaka, WG, ya fi sauƙin samu, amma tambayarka ta farko ta zama ko an yarda ka yi Anmeldung. In aka ce a'a, wuce. Da ka tare kuma ka manna sunanka a akwatin wasiƙa, don a nan da suna ake kai wasiƙa, in babu shi takardunka komawa za su yi.

Ga jirgin nan ya shigo. Wani bawan Allah mai wayarin ya tambaye ni ko zai iya buɗe nasa kamfanin da zarar ya zo. Ɗan uwa, sana'arka tana cikin waɗanda sai da takardar Meister, wato shaidar babban gwani a sana'a, ko makamanciyarta, kuma bayanin yana da tsawo, zan zauna in yi maka shi ranar Asabar in sha Allahu. Bari in shiga kafin ƙofa ta rufe. Sai an jima.