Matasa, Majalisa da Maganar Kanjamau

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, da ku ƙannena matasa, barkanmu da war haka.

A 1986 aka fara ba da rahoton cutar kanjamau a Najeriya, yawancinku ba a ma haife ku ba. Mu da muka ga shekarun baya mun san yadda ake yi: mutum ya rame, ya kwanta, a yi ta raɗe-raɗi, har a kai shi makwancinsa ba wanda ya ambaci sunan ciwon. Yau ba haka ba ne. Babban binciken da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, kuma gaba ɗaya masu ita kusan miliyan 1.9 ne. Maganin kuwa kyauta ake ba da shi. Wanda ya riƙe shansa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji, ba zai sa wa matarsa ita ta hanyar auratayya ba. Mai juna biyu da ta je awo ta fara magani da wuri, da yardar Allah lafiyayyen ɗa za ta haifa.

To me ya rage? Bakin mutane. Saurayi ya gwammace ya zauna cikin zullumi da a gan shi a layin gwaji. Wata sai ta haye mota ta tafi wani gari karɓar magani don kada maƙwabciya ta hango ta, ranar da babu kuɗin mota kuma shi ke nan, shan magani ya tsaya. Akwai dokar hana tsangwama tun 2014, wadda ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda wannan cuta, amma doka ba ta zama a majalisar shayi. Ku matasa ne kuke zama a can. Abin da aboki zai faɗa wa abokinsa kan benci bayan isha'i, wallahi likita ba zai taɓa jin sa ba.

Kuma kada 'yan mata su ce wannan zancen maza ne. Wancan binciken dai ya nuna 'yan mata masu shekara 20 zuwa 24 sun ninka samari tsaransu sau uku wajen kamuwa. Saboda haka duk ƙungiyar matasa ta yaƙi da kanjamau da babu mata a shugabancinta, ni dai ban ɗauke ta da muhimmanci ba.

Sai dai fa, yaro ba ya shiga gari da ganga shi kaɗai. Ku fara da gaida mai unguwa, ku zauna da liman. Huɗuba guda kan rufin asirin mara lafiya ta fi fosta ɗari. A Kano tun 2024 gwaji kafin aure ya zama doka, don haka sakamako zai riƙa ratsa hannun waliyyai da masu ɗaurin aure. Idan bakinsu bai da linzami, dokar da aka yi don kariya ita za ta tona asirin 'yar mutane. Wannan ma aikinku ne ku tunatar da su, cikin ladabi.

Game da kuɗi: a farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa, kowa ya ga yadda hankali ya tashi. Kada ku gina ƙungiya kan jiran bita a otal da kuɗin zama. Raka aboki gwaji, tuna wa wani lokacin karɓar maganinsa, gaya wa wanzami ya canja reza ga kowane kai, babu wanda ke buƙatar ko sisi a cikinsu.

Ma'aikatan gwaji suna waje ƙarƙashin rumfa. Masu tambaya su ɗaga hannu.