Buɗe totur har ƙarshe: lacca ga matuƙan jiragen fito

Assalamu alaikum. Sarkin ruwa, ranka ya daɗe. Iyayena da 'yan'uwana matuƙa, sannunku da zuwa.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, Malam, in na murɗe totur har ƙarshe inji zai lalace? Amsata a'a. Wanda ya ƙera injin ya san za a ba shi wuta. Ɗauki Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, wanda yawancinku kuke aiki da shi. Littafinsa ya ce in an buɗe shi gaba ɗaya, ya riƙa juyawa tsakanin sau 4,500 da sau 5,500 a minti. Muddin yana cikin wannan iyakar, lafiya lau.

Farfela ce ke sa shi fita daga iyakar. In ta yi masa girma, ko jirgi ya sha lodi, za ka murɗe totur amma ka ji muryar inji ta yi ƙasa, yana nishi kamar jakin da aka ɗora wa buhu huɗu. A haka fistin yake yin zafi har ya ƙone. In kuma farfelar ta yi ƙanƙanta, ko yashi ya cinye bakinta, sai inji ya yi ta ihu jirgi ba ya gaba. Shi ma ɓarna ne. Mai ɗaukar buhunan masara zuwa kasuwar Yauri da mai tafiya da mutum biyar, bai kamata farfelarsu ta zama ɗaya ba.

Sai ruwan sanyaya inji. Wannan siririn ruwan da ke tsartuwa ta baya, shi ne shaidarka cewa famfo yana aiki. Ka riƙa waiwaye. Leda ɗaya ko ganyen kainuwa ya isa ya toshe ƙofar shan ruwa, kuma a cikakkiyar wuta inji ba ya jimawa zai yi zafi ya lalace. Da ka ga ruwan ya tsaya, kashe, ɗaga ƙafar injin daga ruwa, duba.

Baƙin mai kuwa, ku yi haƙuri, nan ne rowa take kashe mu. Tankin fetur mai lita 25, rabin litar baƙin mai ake zuba masa, kuma man injin ruwa, ba na babur ba. Sabon inji a awa 10 na farko ninki ake yi, lita guda, kuma ba a riƙe shi a cikakkiyar wuta na dogon lokaci.

(Wani daga cikin mahalarta ya yi tambaya a kan tsadar fetur.)

Alhaji, ka yi gaskiya. Wannan injin a buɗe yana shan kusan lita 20 a awa. Ka dawo da totur kashi uku cikin huɗu, gudun da za ka rasa kaɗan ne, man da zai rage maka kuwa za ka gani a aljihu.

To, duk wannan lafiyar inji ce. Lafiyar mutane fa? Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe itatuwa, kututturansu suna nan a ƙasa, kuma da ruwa ya ja baya suke matsowa sama. Jirgin katako da ya daki kututture a guje, tsagewa yake. Ba mu manta Mayun 2021 ba, jirgin da ya nufo Wara da mutum sama da 150 ya rabe a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka fita. NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ta hana tafiyar dare, wasunku suna gunaguni, amma wa yake ganin kututture bayan magariba?

Ni a ganina wuri uku ba a buɗe totur ko da injin sabo ne: kusa da mashigi inda yara ke wanka, gefen ƙananan kwale-kwalen masunta da igiyar ruwan jirginka za ta kifar, da ruwan da ba ka san ƙasansa ba.

Jar igiyar nan da ke kashe inji in an fizge ta, na ga wasu sun naɗe ta a jikin hannun tuƙi don kada ta dame su. A jikinka ake ɗaura ta. In ka faɗa ruwa inji ya mutu nan take. In ba haka ba, jirgin zai yi ta kewaye babu matuƙi, farfela tana dawowa inda kake.

Sarkin ruwa, a kawo injin nan gaba, mu buɗe shi kowa ya ga robar famfon da idonsa.