Daga Tulin Yashi Zuwa Lilo: Yadda Filin Wasan Yara Ya Samo Asali

Shekarar 1885 ce, a birnin Boston na Amurka. Aka kawo yashi aka juye a harabar wani ƙaramin coci da ke unguwar talakawa, aka ce yara su zo su yi wasa. Ba lilo, ba abin zamiya, yashi kawai. Wata likita ce, Marie Zakrzewska, ta ga irinsa a Balin ta ƙasar Jamus, ta ba da shawara a gwada.

Dalilin kuwa a fili yake. A lokacin, ɗan talaka ba shi da wurin wasa sai titi, tsakanin kekunan doki da tarago. A 1903 birnin New York ya buɗe filin wasa na dindindin a Seward Park da kuɗin hukuma, sannan a 1906 aka kafa ƙungiyar filayen wasa ta Amurka.

Sai dai an raba yaro da haɗarin titi an haɗa shi da wani. Kayan wasan farko bututun ƙarfe ne dogaye, daga baya kuma aka riƙa shimfiɗa kwalta ko siminti a ƙarƙashinsu don sauƙin shara. Mai shara ya huta, kan yaro ya biya.

Danmak ta bi wata hanyar daban. A 1943, a Emdrup da ke Kwafanhagin, aka buɗe filin tarkace bisa tunanin Carl Theodor Sørensen, mai tsara lambuna da filaye, wanda ya lura yara sun fi son wurin da ake gini a kan filin da aka tsara musu. Aka ba su katako, guduma da ƙusa, da babba guda mai sa ido.

A 1981 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta fitar da jagorarta ta farko kan filayen wasa, domin faɗuwa ce kan gaba wajen jikkata yara. Ga inda aikin yake. In yashi ne ko ɓarɓashin katako za a zuba a ƙarƙashin kayan wasa, a fara da zurfin santimita 30, don zai danne ya koma wajen 23, kuma kada ya gaza haka. Shimfiɗar ta fita mita 1.8 daga kowane gefe na abin wasan. Lilo kuwa ya fi haka cin fili: a auna daga ƙasa zuwa inda sarƙa ta rataya, a bar ninki biyu a gaba, ninki biyu a baya.

Abin da ido ke tsallakewa shi ne tazarar da ke tsakanin sanduna. Duk ƙofar da ta faɗa tsakanin santimita 9 da 23 tarko ce, saboda kan ƙaramin yaro ya fi ƙirjinsa faɗi. Ƙafa ta wuce, jiki ya bi, kai ya maƙale.

Sannan a leƙa ƙarƙashin lilo. Za a ga rami inda ƙafafu ke jan ƙasa suna watsa yashi gefe, daidai wurin da yaro zai faɗo. Manjagara ce maganinsa, a ja yashin a cike ramin, a kuma duba ƙugiyar sarƙa ko bakinta ya buɗe.