Ragon ɗan kwangila a gidan ciyaman

Duk lokacin da Babbar Sallah ta gabato, gardamar nan sai ta taso. Ɗan kwangila ya aika wa ciyaman rago. Wasu su ce alheri ne, wasu su ce toshiyar baki ce.

Dokar da ta shafi wannan tana nan a Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Ba gwamnoni da ministoci kaɗai ta shafa ba, ta hau kan ciyaman da kansiloli da ma'aikatan dukkan ƙananan hukumomi 774. Sai sun bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da zarar sun kama aiki, sannan duk bayan shekara huɗu, da kuma lokacin sauka. Mai aikin cikakken lokaci ba zai tafiyar da kasuwancin kansa ba, in ban da noma.

To, mu koma kan ragon, don a nan ne mutane ke ruɗewa. Ana ɗauka sai an kama mutum dumu-dumu yana ciniki kafin a ce ya karya doka. A'a. Muddin kyautar ta fito daga kamfani ko daga wanda yake da kwangila da gwamnati, doka tana ɗaukarta a matsayin saɓa ƙa'ida tun daga farko. Wanda ya karɓa shi ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne. Ku lura da kyau, nauyin wanke kai a wuyansa yake.

Kyautar 'yan uwa da abokai fa? Wannan an yarda, gwargwadon abin da al'ada ta sani. Kawunka ya kawo maka turmin shadda ranar suna, babu laifi, ka ɗinka abinka. Wannan sashe yana burge ni, domin bai yaƙi zumuncinmu ba.

Saura abin da aka ba ciyaman a bainar jama'a, misali ranar buɗe rijiyar burtsatse ko ajin makaranta. Wannan na ƙaramar hukuma ne, ba na gidansa ba.

Wanda Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta samu da laifi, tana iya sauke shi, ta hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar da ya tara ta wannan hanya.