Haibirid Ta Ƙi Tashi Bayan Dogon Ajiya: Daga Ina Za a Fara?

Wannan lacca ce da wani dattijon bakanike ya gabatar wa kanikawa da masu gyaran wayar mota a Birnin Kebbi. An rubuto ta daga faifan murya, an rage gaishe-gaishen farko.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu da ke zaune a gaba, 'yan'uwana kanikawa, da yaranmu da ke can baya, sannunku da haƙurin zafi.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, motocin haibirid, wato masu haɗa injin fetur da lantarki, suka fara yawa a garejinmu. Prius, Camry, jefi-jefi Lexus, mafi yawansu 'yan Kwatano. Mutane sun ji ba su shan mai, sun saya. Mu kuma aka bar mu da gyaran abin da ba a koya mana ba. Ƙarar da aka fi kawo mini ita ce: na ajiye ta lafiya lau, na dawo ta ƙi tashi.

Bara wani Alhaji daga Jega ya dawo daga aikin Hajji, kusan kwana 40 motarsa tana rufe a gida. Ya danna maɓalli, shiru. Kafin a kira ni har an gaya masa babban batir ya mutu, an yanka masa kuɗi, ya fara tunanin wane sa zai kai kasuwa. Na je da mita kawai a aljihu, abin auna wutar batir. Ƙaramin batir ne ya sauka. Minti 20 ba a yi ba muna shan shayi, mota tana aiki.

To, ku saurara da kyau, don nan ne gindin maganar. Motar nan batir biyu gare ta. Akwai babba, wanda ke bayan kujerar baya. A Prius ta 2004 zuwa 2015 ƙarfinsa bolt 201.6 ne, gunduwa 28 aka jera, kowace bolt 7.2. Na Camry ta 2007 ya fi haka, bolt 244.8. Sannan akwai ƙarami mai bolt 12 irin wanda muka saba. Babban shi ne sarki, ƙaramin shi ne dogarin ƙofa. Idan ka kashe mota, akwai rile, wato makunnin lantarki, da ke yanke babban batir daga sauran jiki gaba ɗaya. Ƙaramin ne ke tada kwamfutoci, su kuma su ba rile umarnin ya haɗa. Dogari na barci, wa zai yi maka iso? Ko sarki ya cika ya batse, ba za ka gan shi ba.

Me ke kwantar da ƙaramin? Mota ko a kashe tana ɗan tsotsa, musamman masu makullin da ba a zurawa, don kullum tana sauraren ko makulli ya matso. Batirin kuma ƙarami ne tun asali. Ga zafin garin nan, da a watan Afrilu yake haura digiri 40, shi kansa yana cin ran batir.

Saboda haka mita za ka fara ɗauka, ba sufana ba. Lafiyayyen batir zai nuna maka wajen 12.6. Ya yi ƙasa da 12, ya raunana. Sai ka ga fitilun allo suna ƙyaftawa, alamu iri-iri suna fitowa, kamar aljanu sun shiga motar. Ba aljanu ba ne, yunwa ce.

A Prius ɗin da na ambata, ƙaramin batir yana cikin but, gefen dama, kuma but ɗin da lantarki yake buɗewa. Kada ka fasa wa mutum ƙofa. Buɗe bonet, buɗe akwatin fiyus, za ka ga jar murfi, ƙarƙashinta akwai ƙarfen da aka yi don jona batir. Ja a nan, baƙi a jikin ƙarfen mota. Yara, ku da ke baya, da ku nake: ku duba sau biyu kafin ku jona. A Golf ka juya waya ka ga tartsatsi ka yi dariya. A nan ka juya, babban fiyus ya tafi, idan tsautsayi ya zo da ƙarar kwana har inbata, na'urar da ke sarrafa wutar babban batir, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin maigidanka.

Ka jona, ka taka birki sosai, ka danna maɓalli. Abin da kake nema kalma ɗaya ce a allo: READY. Ta fito, mota ta tashi, ko da ba ka ji ƙarar inji ba. Na san wanda ya yini yana neman cuta a motar da ke kunne, don kunnensa yake bi. Sa mita a lokacin, ya kamata ka ga wajen bolt 14, alamar ana cajin ƙaramin ke nan, don motar ba ta da altaneta, daga babban batir ake rago masa wuta. Idan makulli ne ba ta gani, ɗan batirin cikinsa ya mutu: kara shi a jikin maɓallin, ko ka zura shi a raminsa idan tsohuwar ce.

Yanzu ga wurin da muke kashe motocin mutane da hannunmu. An samu READY, inji ya yi gur-gur na 'yan daƙiƙoƙi, ya tsaya, jan alwatika ya fito. Me muke yi? Mu kashe, mu sake dannawa. Mu sake. Mu sake. Jama'a, motar nan ba ta da kik! Na'urar lantarki ce a cikin giya, Toyota na kiranta MG1, take juya inji, kuma daga babban batir take sha. Wannan gur-gur ɗin da ka ji, ba inji ne ya kama ba, juya shi ake yi. Kowane danni kana ɗibar ruwa ne daga randar da ba mai zuba mata, don sai inji ya kama sannan babban batir ke samun caji. Ranar da ya kai ƙasa, mai cajin batir na bakin kasuwa ba zai iya da shi ba, sai caja ta musamman, wadda ba kowane gari ake samunta ba. Cutar fetur ta dubu kaɗan ta koma jinyar dubu ɗaruruwa. Ni a garejina sau biyu ne iyaka. Ta ƙi a na biyu, a cire hannu, a kawo kwamfutar gwajin mota.

Kwamfuta za ta yi maka magana da lambobi. P0A0F ko P3191, inji ne ya ƙi kamawa: duba fetur, don wanda ya yi watanni a tanki yana lalacewa, ka shinshina za ka ji ya canza. Duba famfon mai, duba totur ko ya yi datti, duba fulogi. Duba ɓera kuma. Motar da aka ajiye kusa da buhunan shinkafa, ku ma kun san ba ita kaɗai ke kwana ba, kuma waya ɗaya ya isa ya ci. P0A80 ita ce ke nuni da babban batir, amma ko ita ba ta ce duk gunduwa 28 sun mutu ba. Sau da yawa ɗaya ce ta faɗi ƙasa da 'yan'uwanta, ko tagullar da ke haɗa su ta yi tsatsa ta koma kore.

Na ga hannu a can. Na'am, ɗana? Ya ce ko a tura ta kamar yadda muke yi wa sauran motoci. A'a. Ko daga nan za ku tura ta har Argungu ba za ta kama ba. Janta da igiya ma, tayoyin gaba a ƙasa, ɓarna ce. A ɗora ta a kan mota.

Duk wayar da ka gani ruwan goro, wannan ba ta wasa ba ce. Bolt 200 na kisa. Ba safar hannu ta lantarki, ba ka cire filogin tsaro na jikin batir ka jira minti 10 ba, kada ka taɓa. Motar da ambaliya ta shiga kuwa, irin wadda muka gani a 2020, kada ma a danna mata maɓalli sai an buɗe an duba.

Masu mota da ke cikinmu, idan tafiya ta kama ku, ku bar wa wani amintacce makulli. Duk mako ya sa ta a READY kamar awa ɗaya, a fili ba a rufaffen gareji ba saboda hayaƙi, giya a P. Ba N ba, don a N babban batir ba ya caji. Idan babu mai yi, a cire baƙar wayar ƙaramin batir. Ramin iska da ke gefen kujerar baya kuma a riƙa share shi, ta nan fankar batir ke shaƙa, ƙurar hunturu na toshe ta.

Na ji an kira la'asar. Mu yi salla, sannan mu haɗu a bakin ƙofa, akwai Prius da na sa aka kawo, wata uku ba ta motsa ba. Kowa ya zo da mitarsa, wanda ba shi da ita ya tsaya kusa da mai ita.